Ranar da Faifan Ya Iso daga Kano

Lokacin da nake aikin buga takardu a wani shago kusa da kasuwar Haɗeja, kwamfutarmu ɗaya ce, kuma a cikinta akwai wasan tuƙa jirgin yaƙi. Fitowarsa ta farko ce, wadda ta zo a ƙananan faifai tun kafin in san kwamfuta. Ƙasar shimfiɗe take, duwatsun kamar an yanka kwali. Na buga shi har na gundura. Sai na ji ashe an daɗe da fitar da na biyu, mai gajimare da koguna. Wata uku ina roƙon wani direban motar Kano kafin ya samo mini faifan.

Ranar da ya kawo, ranar mahaifina ya shigo shagon. Daga ƙauyenmu wajen Auyo ya taso, rabin hanya a kwalekwale, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ruwa ya ci shinkafar mutane, suka wakilta shi ya kai koke ƙaramar hukuma, tunda ɗansa ne mai buga takarda.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ku zauna, yanzu zan gama."

Ya zauna a benci. Ni kuwa jirgina ya riga ya tashi. Aka harbo ni, na sake, aka kuma harbo ni. Ban san sa'ad da ya taso ya tsaya a bayana ba. Ina cikin sakin bam a kan wata gada na ji muryarsa.

"Gonakin su wa kake ƙonawa haka?"

"Ba na kowa ba ne, Baba. Wasa ne."

"To. Na ga dai kamar an yi musu shuka."

Na ce saura kaɗan. Da na waiwayo bayan na sauke jirgin, babu kowa a bencin.

A bakin gidan waya na same shi, tsugune gaban wani dattijo mai tsohuwar tafireta, yana faɗa ana bugawa da yatsa biyu. Na miƙa hannu zan karɓi takardar.

Baba ya ce, "Bar shi, ya kusa gamawa. Koma kan aikinka."

Babu faɗa a muryarsa. Na kasa komawa, na kasa tsugunawa, na tsaya a rana har suka gama. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, sannan ya tambaye ni ko na ci abinci.

Bai taɓa ba da labarin nan a gida ba. Na san haka ne don Inna ba ta iya riƙe magana, kuma har ta rasu ba ta yi mini zancen ba.