Madam Ramlatu Mai Albashi

Ramlatu 'yar Birni ce a cikin Damagaram, 'yar wani baduku da ake kira Alkasum. Tana da shekara bakwai aka zo unguwarsu neman yaran da za a kai lakkol, makarantar boko. Masu hali suka ɓoye nasu, wasu a ƙauye wajen dangi, wasu a bayan tukwane. Alkasum ba shi da wanda zai tsaya masa, sai aka rubuta sunan 'yarsa, uwarta ta yi kwana uku tana kuka kamar an yi rasuwa. Bayan shekara goma sha biyu Ramlatu ta samu aikin buga keken rubutu a wani biro, wato ofishin gwamnati. Matan da suka ɓoye 'ya'yansu su ne suka fara zuwa barka, suna cewa ai su tun tana goye suka ga arziki a goshinta.

Daga ranar ta zama Madam. Albashinta jika ashirin da shida ne na sefa, kuma a shekarun da ake samun damina yana kai ta ƙarshen wata, ko da yake da ɗingishi. Ta auri Suma'ila, tela a Zango, mutum mai sanyin hali, suka haifi 'ya'ya huɗu. Kowace safiya takan ratsa lungunan Birni da ƙafa, yashi na shiga takalminta, mata na leƙo ta suna cewa ga wadda gwamnati ke zuba wa kuɗi don kawai ta zauna a kujera tana ƙwanƙwasa ƙarfe.

A 1984 ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke. Kafin kaka kuɗin hatsi ya ninka, ya sake ninkawa. Masu ga-ruwa ma suka ƙara wa garwa kuɗi. Albashi kuwa ya zauna inda yake cikin natsuwa, kamar dattijon da ba ya son hayaniya. Mutane suka daina ɗinka tufafi, aikin Suma'ila ya koma korar ƙuda daga kan keken ɗinkinsa.

Ana cikin haka sai ga Nomau, ƙanin mahaifiyarta, daga Gidimuni, da matarsa Jummai da 'ya'ya shida da akuya ɗaya wadda ake iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ya ce gona ta ƙone, tafki ya ja baya, amma shi ya gode wa Allah da ya ba shi 'ya wadda ake biya ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wannan abu ya daɗe yana ba shi mamaki. Ramlatu ta share musu ɗakin da mahaifinta ya rasu ya bari, ta ɗora babbar tukunya. Baki goma sha huɗu ke nan a gidan, kuma albashin ya riƙa yin sallama da su tun sha biyu ga wata.

Ba ta gaya wa kowa ba. Takan wanke zanenta ta goge, ta ɗaura kallabi, ta tafi biro da ruwan koko a cikinta. A can ta tarar ba ita kaɗai ba ce. Ba a taɓa ganin tsoron Allah ya kama ma'aikata irin na shekarar ba: kowa ka tambaya azumin nafila yake yi. Aka fara da Litinin da Alhamis, daga baya Talata da Laraba ma suka samu shiga. Shef ne kaɗai, shugaban biron, likita ya hana shi azumi.

Da jar dawar taimako ta iso gari, Shef ya miƙo mata takarda ta buga, kwafi shida. Takardar ta ce za a raba wa manoman da suka baro ƙauyukansu da makiyayan da dabbobinsu suka mutu. Masu albashi ba sa ciki, tun da gwamnati ta riga ta ɗauke musu nauyi. Ramlatu ta buga ba kuskure ko ɗaya, ta kai masa, amma ba ta fita ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mutum goma sha huɗu nake ciyarwa. Albashina bai kai buhu biyu ba yanzu."

Shef ya cire tabarau ya dube ta da tausayi. Ya ce ai kowa yana ji a jikinsa, shi kansa rago ɗaya ake yanka masa a wata yanzu, iyalinsa kuma ba su yi ƙorafi ba. Ya yi mata bayani a kan haƙuri da kishin ƙasa, da yadda ya kamata ma'aikaci ya zama abin koyi ga talakawa. Maganar ta yi masa daɗi a baki har ya ce ta ɗauko takarda ta rubuta, a buga a raba wa sauran ma'aikata. Shi ma kwafi shida ta yi.

Nomau kuwa ya shiga layi, aka rubuta sunansa, aka ba shi tike. Duk mako yakan dawo da dawa a ka, ya sauke a tsakar gida da nishin mutumin da ya san darajarsa. Tuwon jar dawar nan ba ya da daɗi, yana kuma tsayawa a ciki kamar dutse, amma shi ya riƙe gidan. Talakan da ya zo neman mafaka ya koma mai ciyar da Madam da mijinta da 'ya'yanta. Ya ɗauki tabarmar Suma'ila ta zaure, ya riƙa gaya wa Jummai yawan abin da za ta auna. Bai taɓa yi musu gori a fili ba, sai dai abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ya tabbata Ramlatu tana ɓoye kuɗi. Wata ranar Lahadi da hantsi ya kira ta gefe.

"'Yata, ni ban hana ki tara kuɗin Makka ba, abin lada ne. Amma ki riƙa fito da na gishiri da daddawa."

"Kawu, wallahi babu abin da nake tarawa."

Ta ɗauko takardar albashinta ta nuna masa. Nomau bai iya karatun boko ba. Ya juya ta gaba da baya, ya shafa hatimin da ɗan yatsa, ya ce takarda mai wannan girma da tambari har biyu ba za a yi ta don ƙaramin kuɗi ba. Ramlatu ta karɓi abinta ta ninke.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwar, ta ɗauki Gana, autar Nomau, yarinya 'yar shekara uku da ba ta da jikin da za ta yi faɗa da ciwo. Ramlatu ce ta goya ta zuwa asibiti, ita ce kuma ta dawo da gawarta a hannu. Washegari ta je biro a makare, aka rubuta mata gargaɗi.

Mafita ta zo ta inda ba ta zata ba. Wata Banasara daga cikin masu aikin agaji ta shigo biron, ta ga tsohuwar jakar fata da Alkasum ya ɗinka wa 'yarsa, ta tambayi inda ake sayarwa. Ramlatu ta ce za ta kawo mata. Kayan aikin mahaifinta suna nan cikin kwando, fata kuma ita ce kaɗai abin da ya yi araha a shekarar, tun da dabbobi faɗuwa suke yi. Maƙwabciyarta Falmata, matar wani baduku, ta tuna mata abin da hannunta ya manta. Ta riƙa ɗinki lokacin hutun rana da ranar Lahadi. Jaka ɗaya ta kawo mata abin da take samu a mako guda na ƙwanƙwasa ƙarfe. Banasarar ta yaba mata ƙwarai da ta riƙe sana'ar kakanni, ta nemi ta ɗauke ta hoto, amma ta roƙe ta ta cire agogo da takalmi ta zauna a ƙasa don hoton ya fi kyau. Ramlatu ta cire, ta zauna. Bayan sati biyu abokan matar suka aiko a yi musu jaka tara.

Labari ya kai kunnen Shef. Ya ce ciniki yana zubar da mutuncin ma'aikacin gwamnati, ya rubuta mata takardar tuhuma da hannunsa. Ita ta buga ta, ta sa hannu cewa ta karɓa, ta buga amsa ta kai masa. Ya karanta ya ce ya yafe mata wannan karon, sannan ya ambaci cewa falonsa yana bukatar matasan fata guda biyu, ja da kore in da hali. Ta gane. Ta ɗinka ta kai, ba a ƙara tayar da maganar mutunci ba.

Damina ta dawo a shekarar da ta biyo. Nomau ya tattara iyalinsa, Ramlatu ta biya musu kuɗin mota ta haɗa musu da iri. A Gidimuni ya yi shekaru yana ba da labarin yadda ya ciyar da ma'aikaciyar gwamnati wata tara. Mutane suna ɗauka cika baki ne, amma duk wanda ya tambaye ta takan ce gaskiya Kawu ya faɗa.

Ƙarin albashi ya zo bayan shekara uku, ya isa sayen sabulun wanki. Shef ya samu ci gaba aka kai shi Yamai. Ramlatu ta ci gaba da aikinta biyu, ɗaya yana ba ta suna, ɗaya yana ba ta tuwo, har ta cika shekara talatin a kan kujerar nan, yatsunta suka fara ƙin lanƙwasawa. Ranar da ta yi ritaya aka tara ma'aikata, aka sha lemo, aka ba ta takardar yabo. Sabuwar yarinyar da ta gaje ta ce ta buga, ta kuma yi kuskure a sunan. Ramlatu ta mayar a gyara, aka gyara sunan aka ɓata shekarar. Ta sake mayarwa, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ba ta koma ba.