Bugu na Huɗu da Arzika Yake Bari

A Gadarif ta Sudan kowa ya san, wai, wani Bahabashe ne ya koya wa Arzika kiɗan jaz a Gallabat, kan iyakar Habasha. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, kuma babu abin da nake zargi kamar abin da kowa ya sani. Sai na ɗauki sandata na nufi gidan Arzika.

Kullum da hantsi yakan fito da gangunansa biyar gindin darbejiya, ya goge su, ya ɗaure fatar da ta saki, ya zauna yana kallonsu. Hannunsa na dama rawa yake yi yanzu, shi ya sa bana ya ajiye makaɗi. Shekara arba'in ya yi yana kaɗa wa ƙungiyoyin jaz, tun daga Khartum har bukukuwan gama girbi a Simsim. Bai taɓa rubuta kiɗa a takarda ba. Duk abin da ya tsara, a wuyan hannunsa yake.

Na tarar da Gado a wurin, wanda ya daɗe yana busa masa saksafon. Ya ce, "Ya Hajja, mutumin nan mugu ne. Bugu uku yake yi, na huɗu ya bar shi fayau. Sabon mabushi sai ya faɗa ramin. Ni ma na faɗa, sau biyu, gaban amarya!"

Gadon ne kuma ya ga ranar da leburorin riɗi, wata biyu rabonsu da gida, suka ji kiɗan Arzika, suka bar rawa suka tsaya cik. Wani dattijo yana share ido da hularsa, ya ce sussukar garinsu ya ji.

Na dubi Arzika. "To, ina Bahabashen naka?"

Ya yi dariya. "Kalam faɗi, zancen banza! Gallabat ɗin ma sau ɗaya na je, sayen gahawa."

"To wa ya koya maka barin na huɗun?"

Ya daɗe yana shafa fatar ƙaramar gangar. "Kin tuna masussuka, kafin injin ya zo?"

Na tuna. Mata a jere, taɓare na tashi suna sauka, ƙaiƙayi har cikin gashin ido. Tun da injin ya shigo gonaki, ban ƙara jin wannan amo ba, sai a gangarsa.

Arzika, mai hannu da kunne. Kai ne ka tsince masussukar da injin ya cinye, ka adana mana ita a fata. Kai ne ka mayar da baƙon lebura gida ba tare da ya hau mota ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma samari masu kiɗa, ku je ku durƙusa gabansa tun hannun hagunsa na da ƙarfi. In ya tafi, babu takardar da za ku buɗe.

Babu wani Bahabashe. Mahaifiyarsa ce, Batulu, in ji shi. Da goyo take sussukar dawa, shi da fari, ƙannensa daga baya. Bugu uku take yi, a na huɗu ta saki taɓarya ta gyara goyon.