Burahima da Nonon Raƙuman Alakoss

Burahima, ɗan Malam Husseini mai shago a kasuwar Gure, shi ne na farko a gidansu da ya wuce lise, wato babbar sakandare. Ya karanta shimi, ilimin sinadarai, a Yamai, daga nan ya samu gurbin bincike a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Maroko.

Aikinsa a kan amino asid ne, ƙananan ƙwayoyin da ke gina nama da nono. Suna zuwa iri biyu, na dama da na hagu, nauyinsu ɗaya, kamar abu da hotonsa a madubi. Yakan tura ruwan gwaji ta wani siririn bututu cike da gari, garin ya ɗan riƙe ɗaya, ɗayan ya riga shi fita, na'ura ta zana kowanne daban. Burinsa ya gane nonon raƙumi da ya fara lalacewa tun baki bai ji ba, don na daman kan ƙaru in ƙwayoyin cuta sun shiga.

Da ya zo hutu, yayarsa Biba ta ce, "Wai me kake yi can har shekara uku?"

"Yaya, takalmin dama nake rabawa da na hagu, sai dai ido ba ya ganinsu."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ba ta ƙara tambaya ba.

Damina biyu yana bin makiyayan Alakoss, ya tara nono a ƴan kwalabe ɗari da ashirin. Ya ajiye su cikin sanyi a firigon wani abokinsa a Damagaram kafin takardar fita da su ta fito. Da bazara kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kwana huɗu. Ranar da ya buɗe firigon, wari ne ya tarye shi. Ya zauna a ƙasa, sai da abokin ya kama hannunsa ya tashe shi.

Ya yi niyyar sake tarawa, amma kafin damina Malam Husseini ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Babu wani namiji babba a gidan. Shugaban labon ya rubuto sau biyu, sannan ya ba wani gurbin.

Yau shekara tara Burahima na zaune a shagon. Mutanen gari suna ce masa Dokta, ya gaji da gyara musu. Bara aka roƙe shi ya riƙa koya wa ɗalibai shimi ranar Asabar. Ya je sau uku, ya kasa jure tsayuwa a gaban allo, ya daina. Da la'asar yakan rufe shago ya je ya juya mahaifinsa a kan tabarma.