Robar Miya ta Ƙarshe a Firji

Baba Tela ya ƙarar da ƙarfinsa a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago mai kallon titi, har sai da idanunsa suka daina ganin kafar allura. Daga nan ya dawo gida da zama, aka jingine keken a lungun falo aka lulluɓe shi da tsohon zane. Mutum ne mai son ya tarar da abu inda ya ajiye shi. Almakashinsa na rataye a ƙusa ɗaya tun yaransa na rarrafe. Kicin kuwa bai taɓa sa baki a harkarsa ba, wannan na mai ɗakinsa ne, wadda har yau yake kira Maman yara, ko da yake yaran duk sun haifi nasu.

Da ciwon gwiwa ya matsa mata, babban ɗansu ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, don a duba ta a babban asibiti. Ana gobe tafiya ta dogara sanda ta shiga kicin, ta yi miya tukunya guda, ta zuzzuba a robobi ta jera a firji.

"Ka riƙa ɗumamawa ɗaya-ɗaya, Malam," in ji ta. "Kafin ka cinye na dawo."

Ya bi maganarta, yana ci ɗaya-ɗaya, har saura roba guda mai jan murfi. Nan hannunsa ya tsaya. Ta ce kafin ya cinye za ta dawo, to in bai cinye ba, maganarta na nan a tsaye. Ya tura robar can ƙuryar saman firjin, inda ya ji sanyi ya fi yawa, ya manna ta da bango. Bai kai ta firiza ba, don yana son duk sanda ya buɗe ƙofa ya hango jan murfin. Kuma duk ranar da ta ce a waya likita ya kusa sallamarta, sai ya fita ya sayo madara da lemo irin wanda take so, ya jibge a gaban robar.

Sai firjin ya soma wani hali. A sama ƙwai ya daskare har ya tsage, a ƙasa tumatir ya yi laushi ya fara wari, ruwan gora kuwa kamar an ɗebo shi daga famfo. Da ya faɗa wa babban ɗan, bai ko bari ya kai ƙarshe ba.

"Baba, firjin nan ya girme wa ɗana na fari. Zan aiko da sabo, masu kawowa su tafi da wannan."

Baba Tela bai so haka ba. Maman yara ta san firjin nan kamar tafin hannunta, ta san sai an ɗan ɗaga ƙofar kafin ta rufu. Ba ya son ta dawo ta tarar da baƙo a kicin ɗinta. Ya ce a ba shi dama ya kira mai gyara tukuna, in ya gagara shi ke nan.

Mai gyaran firji ya zo da hantsi, wani ƙaton mutum mai yawan dariya, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya kara kunne ya saurari ƙugin injin.

"Baba, tsohon nan ai ya fi ni lafiya. Ni da safe sai an tura nake tashi."

"To Injiniya, me ya sa rabinsa hunturu rabinsa bazara?"

"Yanzu za mu tambaye shi."

Ya saƙala 'yar takarda a bakin ƙofa ya rufe, ya ja, takardar ta riƙe gam. Robar ƙofa lafiya lau. Ya jawo firjin ya leƙa baya, ya share ƙurar da ta taru a wayoyin, ya ce wannan ba ta isa ta jawo haka ba. Ya duba maɓallin sanyi, yana tsakiya inda ya kamata. Ya danna ɗan makunnin ƙofa da yatsa, suka ji fanka na juyawa a ciki. Sannan ya sa hannu a ƙasan firjin ya ɗan tsaya.

"Fanka na busawa, amma iska ba ta saukowa. Wani ya tare mata hanya."

Ya shiga fiddo kayan sama, madara bayan madara, lemo wasu har sun yamutse. "Baba, kai kaɗai a gidan nan, ko shago za ka buɗe?" Can mai gyara ya kai ga roba mai jan murfi, ya ja, ta ƙi motsi. Ƙanƙara ta haɗe ta da bango.

"Ga mai laifin. Ka ga ramukan nan a bayanta? Ta nan sanyi ke fitowa ya zagaya ko'ina. Ta zauna a bakinsu ta shanye sanyin ita kaɗai, na ƙasa suna ta gumi. Sai mun kashe wuta ta narke kafin ta saki. In na ɓanɓare da ƙarfi, bangon zai tsage."

"In ta narke, a kai ta firiza?"

"A'a, Baba. Daskarewar ce ta tsare ta har yau. In ta narke, ko a ci yau ko a zubar." Ya ɗago ya dubi fuskar tsohon, dariyar ta ɗauke. "Ta Mama ce?"

"Ita ce ta ƙarshe."

Mai gyara ya goge hannu a wando. Baba Tela ya dubi jan murfin, ya dubi ƙofar da sai an ɗaga take rufuwa. Ya miƙa hannu da kansa ya zare waya daga soket.

Suka zauna a kan kujerun kicin, ruwa na ɗiga a tsumma. Da robar ta saki, Baba Tela ya dafa shinkafa, ya tafasa miyar sosai. Ƙamshin ya cika gidan har falo, har ya juya ya dubi ƙofa ba tare da ya sani ba. Ya zuba faranti biyu. Mai gyara ya ci ya ce gaskiya Mama ta iya, ya bar masa gargaɗi ɗaya: kada ya sake jingina komai da bangon nan, ya bar tazarar yatsu.

Da yamma ruwan gora ya yi sanyi. Baba Tela ya kira Maman yara ya ba ta labari tun daga farko.

"Malam! Miyar nan ka ajiye har yau? Da ta kashe ka fa?"

"Ai ke kika ce kafin in cinye."

Ta yi dariya. "To yanzu ka cinye."

"Na cinye. Yaushe?"

"Likita ya ce a ƙara haƙuri kaɗan."

Ya ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Ya wanke robar tas, ya goge ta, ya kife ta a kan kanta kusa da tukunyar miya, inda in ta shigo ba sai ta nema ba.