Stana da Rumfar Inabin Obrad

A layinsu, in ƙamshin gasasshen tattasai ya tashi tun kowa bai hura wuta ba, an san daga gidan Stana ne. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura sittin, ba ta iya tafiya a hankali ba ko da coci za ta. Duk ƙarshen zafi sai ta cika kwalabe ɗari da arba'in da guzurin hunturu: niƙaƙƙen tattasai, kokwamba a ruwan gishiri, tumatir, kabeji. Takan jera su a ɗakin ƙarƙashin gida, wanda rabinsa ke cikin ƙasa, tagoginsa biyu na kallon ƙafafun masu wucewa.

Wannan ɗakin ne ɗanta Borko ya ƙyalla ido a kai. Ya gaji da aiki a Austriya, zai dawo gida da matarsa da jaririyarsu Danitsa, yarinya mai yawan tari. A sama ɗaki ɗaya ne da kicin. Saboda haka ya aiko da allunan rufe bango, ya roƙi baffansa Milutin, ƙanin marigayi mahaifinsa Obrad, ya kafa su kafin slava, wato bikin waliyyin gidansu da ake yi cikin kaka.

Ranar da Stana ke kwashe kwalabe don a fara aiki, sai ta lura murafan wasu sun yi tsatsa. Ta ware su gefe. Talatin da ɗaya, kuma duk daga kantar bangon arewa suka fito. Ta shafa bangon, tafin hannunta ya dawo da sanyi da wani farin gari kamar kanwa.

"Mama, kowane ɗakin ƙasa haka yake," in ji Borko ta waya. "Baffa zai shafa fenti mai hana ruwa, a rufe da allo, wa zai gani?"

"Ƙirjin 'yarka zai gani. Ruwan da ya ci ƙarfe, jaririya zai ƙyale?"

Ruwan sama na gaba bai same ta a ɗaka ba. Ta yafa buhun leda, ta bi ruwan tun daga rufi, har ya kai ta inda ba ta so zuwa. A jikin bangon arewa Obrad ya dasa inabinsa shekarar da suka yi aure, ya yi masa rumfa, sannan ya lanƙwasa bakin indararo ya saita shi a gindinsa. Har ya mutu yana alfahari da wannan dabara, yana ce wa baƙi rufin gidansa ne ke yi masa ban ruwa. Ashe rabin ruwan rufin nan a gindin bango yake zama, saiwoyi kuma sun bi shi sun tsattsage tsohuwar kwaltar tushen gini.

Da Milutin ya ji abin da take shirin yi, sai ya aje kofin gahawarsa.

"Matar Yaya, kanki ɗaya kuwa? Da ruwan inabin nan muke jiƙa gurasar slava duk shekara. Ki juya indararon kawai, ki bar wa mamaci itacensa."

"Indararo zan juya, saiwar fa? Kai za ka shiga ƙasa ka roƙe ta?"

"Yana kabari ma ba ki bar faɗa da shi ba."

"Da yana raye, da shi zan ba diga ya haƙa da kansa. Tunda ya gudu, kai ka gaje ta."

Milutin ya yi dariya ba don yana so ba. Ita kuwa bayan tafiyarsa ta daɗe zaune a ƙarƙashin rumfar, inda Obrad kan gyara keke yana waƙar da bai iya ba. Ta jira inabin ya nuna, ta tsinke shi tas, kwando tara, ta matse. Sannan ta ɗauko zarto. Ba ta bari kowa ya taya ta wannan ba.

Haƙa kuwa gayya ta kira. Maƙwabta maza shida suka zo da shebur, ta ɗora tukunyar wake da ƙyafaffen nama, ta ajiye kwalbar rakiya, giyar ƙasarsu, inda za su riƙa ganinta amma hannu ba zai kai ba sai an tashi. Suka tone rami tsawon bangon har gindin tushe. Ita ta shiga ramin da burushin ƙarfe ta kankare bangon, ta cike tsagogi da siminti, aka shafa kwalta sau biyu. Aka shimfiɗa bututu mai huji-huji, ta sa aka zuba bokitin ruwa a wancan bakin, ta ruga kwatar bakin titi ta ga fitowarsa da idonta, kafin ta yarda a zuba tsakuwa, baro ashirin da biyu.

"To, uwar injiniyoyi," in ji wani maƙwabci yana share gumi, "sai a kafa allo mu sha na gama aiki?"

"A'a. Sai sama ta zo ta duba aikin."

Sama kuwa ta yi zamanta. Borko ya iso da iyalinsa ya tarar da alluna jingine a soro. Stana ta ba su ɗakinta, ta koma kwana a kan bencin kicin. Ranar slava baƙi suka riƙa raɓawa ta gefen alluna da faranti a hannu, ana tambayar Borko ko a Austriya haka ake ado. Ransa ya ɓaci, ya ja ta gefe.

"Mama, bangon ya bushe fa. Kunya kike ba ni."

"Kunya ba ta sa tari, ɗana. Je ka riƙe gurasa, baffanka na jira."

Milutin ya tsiyaya ruwan inabin Obrad na ƙarshe a kan gurasar. Stana ta kalli kyandir, ba ta kalli kowa ba.

Bayan biki ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ya yini ya sake yini. Tun kafin ya fara ta zuba gishiri a faranti ta ajiye a gindin bangon arewa, ta jingina sabon murfin kwalba kusa da shi. Da gari ya washe ta sauka, Milutin da Borko na biye. Ta ɗebi gishirin ta saki, ya zubo warwas kamar yashi. Murfin na ƙyalli. Ta bi bangon da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ta juyo.

"Me kuke jira? Alluna ba za su kafa kansu ba."

Kafin ƙanƙara ta sauka, Danitsa na barci a ɗakin, gadonta a jikin bangon arewa.

Da bazara Milutin ya zo ya iske Stana tsugune can ƙarshen fili, jikin shinge, tana ban ruwa da gwangwani. Rassan inabin Obrad uku ne a ƙasa, waɗanda ta yanka ta adana ranar da ta ɗauki zarto. Biyu sun fid da ido.

"Nan kuma wa zai shayar da su? Indararo bai kawowa nan."

"Ni," in ji Stana. "Shi Obrad ya huta."