Takardar Likita a Hannun Surukina

Shekarar da motar auduga ta banke ni a kan babur kusa da gadar Binuwai, ni kaɗai nake zaune a gidana na Garwa. Matata ta rasu shekara biyu kafin nan, ba mu haihu ba. Ni tela ne, kuma ƙafar dama da nake taka keken ɗinki da ita ce ta karye biyu. Ta warke a karkace.

Lauyana, wani ɗan garin Kaele mai saurin magana, ya ce kamfanin inshora ba zai biya diyya ba sai alƙali ya ga rahoton ƙwararren likitan ƙashi. Likitan kuwa yana Ngawundere. Na je ya auna ni, ya ce rahoto zai fito. Sau uku ana ɗage shari'a saboda takardar. Nakan zauna a bencin kotu da sandata, kowa da ɗan rakiyarsa ban da ni. A zama na uku alƙali ya ce ranar Talata ta sama zai rufe karɓar hujja, ko takarda ta zo ko ba ta zo ba.

Ranar Laraba aka ce rahoto ya kammala. Lauya ya ce a saka shi a motar fasinja, gobe ya iso. Ni kuma da wayona na tuna surukina, mahaifin marigayiya, yana Ngawundere ya kai shanu. Na ga bai dace in ba baƙo amana alhali babba yana gari ba. Gaskiya kuma ina so ya san har yanzu ni nasa ne. Na aika masa, ya karɓo da murna.

A hanya ya ji rasuwar wani amininsa a wani ƙauye, ya sauka ta'aziyya. Mutumin da ya san zumunci irinsa ba ya tashi kafin sadakar bakwai.

Na kira shi sau ɗaya. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na yi masa ta'aziyya, muka yi sallama. Bakina ya kasa furta maganar takarda. A gidanmu ko sunan suruki ba a faɗa, balle a ce masa ya yi sauri. Lauya ya yi ta faɗa da Faransanci, ya ce in ba shi lambar tsohon ya kira da kansa. Na hana. Na ji haushin kaina ƙwarai, amma na hana.

Talata ta zo ta wuce. Lauyan inshora ko zufa bai yi ba. Alƙali ya rufe, kuma a abin da ke gabansa ƙafata targaɗe kawai ta yi. Haka na fita ba diyya.

Ranar Asabar tsohon ya yi sallama a ƙofata, ko gidansa bai biya ba. Ya ciro ambulan daga aljihun 'yar cikinsa, naɗe a cikin sabon ƙyalle don kada zufa ta taɓa ta. Ya ce kwana goma bai bari ta yi nisa da jikinsa ba. Sannan ya dubi ƙafata.

"Ba ta makara ba dai ko, ɗana?"

Tun rasuwar 'yarsa ban ji wani ya kira ni haka ba.

"Ba ta makara ba, Baba."

Ya yi hamdala, ya sha ruwa, ya tafi. Har ya bar duniya yana gaya wa mutane shi ya kawo takardar da ta ci mini shari'a, kuma duk inda ya faɗa a gabana nakan ce haka ne.