Mai Ɗaure Notin Babban Lilo

A Barranquilla, bakin filin wasan yaran da ciniki ya mutu har aka sayar wa masu gina benaye, wani dattijo na tsaye. Gajere ne, rigarsa ta sha guga, amma baƙin mai ya zauna a faratansa. Da gani tsohon makaniken wurin ne. Idonsa na kan ma'aikatan da ke kwance babban lilo, noti ɗaya ya gagare su tun safe.

Wani ya leƙo daga sama, gumi sharkaf. "Don Evaristo, wane mugu ne ya ɗaure wannan?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Ni ne, ɗana, kullum safiya har shekara talatin. Kai ma babarka ta ɗora ka a kai, ka sauko lafiya lau. Ja dai!"